Karatun Sinadaran Ƙasa da Duwatsu a Bauchi da Gombe: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi

Tun da aka fara maganar man da aka gano a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, masu tambaya kan fannin jiyokemistiri, wato karatun sinadaran ƙasa da duwatsu, suka ƙaru. Akwai 'yan sakandare da ke shirin cike JAMB, akwai waɗanda suka gama bautar ƙasa suna tunanin komawa mastas, akwai kuma iyayen da ke son sanin inda kuɗinsu zai tafi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wai me mai wannan karatu yake yi ne takamaimai?

Jiyokemistiri reshe ne na ilimin duwatsu, wato jiyoloji. Mai jiyoloji zai kalli dutse ya gaya maka irinsa da yadda ya samu. Mai jiyokemistiri kuwa niƙe dutsen yake yi ya auna abin da ke cikinsa, sinadari bayan sinadari, haka ma ruwan rijiya, ƙasar gona, lakar rafi da kwal.

Kusan kashi 46 cikin ɗari na nauyin ɓawon duniya oksijin ne, silikon kusan 28, alminiyum 8, ƙarfe wajen 5. Amma yawancin abincin mai wannan sana'a yana cikin 'yan ƙananan da suka rage, waɗanda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin miliyan: dalma, kuza, zinariya, fulorayid da makamantansu. Su ne ke nuna inda ma'adini ya ɓuya, su ne kuma ke mayar da ruwan sha guba. A yankinmu hanyoyin uku ne: neman mai da gas, neman ma'adinai, sai binciken ruwa da muhalli.

Dole sai na yi digirin farko a jiyoloji?

Ita ce miƙaƙƙiyar hanya. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda aka kafa a 1980, tana da sashen jiyoloji, kuma da yake jami'ar fasaha ce shekara 5 ake yi. Jami'ar Jihar Gombe, ta 2004, ita ma tana da nata. Ka riƙe kemistiri, fiziks da lissafi da kyau tun daga sakandare. Haɗin darussan JAMB kuwa ka duba ƙasidarsu ta shekarar da za ka rubuta, kada ka dogara da abin da yayanka ya cike shekarun baya.

Wanda ya yi digiri a kemistiri ƙofa ba ta rufe masa ba, sai dai akasari akan sa shi ya fara yin difloma ta gaba da digiri a jiyoloji. Kuma da gaskiyarsu. Mutum na iya ƙwarewa a ɗakin gwaji, amma in bai san bambancin dutsen da ke zaune a mazauninsa da wanda ruwa ya mirgino daga wani wuri ba, lambobinsa za su fito tsaf alhali ba su da ma'ana.

Ba gara in tafi Ibadan ko Fatakwal ba? Me ke akwai a nan da za a bincika?

Ƙanena, mutanen can su ke hawa mota su zo nan ganin abin da kake wucewa a kan acaɓa kullum.

Fara da garin Bauchi kansa. A cikin duwatsun da ke kewaye da shi akwai wani mai duhu, kore-kore, wanda Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan ya bayyana ya raɗa masa sunan garin, Bauchite, kuma da wannan suna masana duniya suka san shi har yau. Yana cikin tsofaffin duwatsun gindi da suka samu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. In ka nufi yamma da arewa, wajen Zaranda, Tibchi, Ningi da Burra, sai ka shiga dangin duwatsun Jos masu kuza da kwalambayit, waɗanda shekarunsu ba su kai rabin na farkon ba.

In kuma ka ɗauki hanyar Gombe, labari ya canza gaba ɗaya. Ka shiga Kwarin Gongola, wani hannu na babban Kwarin Binuwai, inda yashi da laka suka yi ta kwanciya hawa-hawa. A ƙasa akwai dutsen yashi na Bima, sai Yolde, sai Pindiga, sai na Gombe, sai Kere-Kere a sama. Duk ɗalibin jiyoloji a ƙasar nan sai ya haddace waɗannan sunaye, kai kuwa wuraren yankinku ne. Hawan Pindiga ya kwanta ne lokacin da teku ya malalo har nan, shi ya sa ake tsintar burbushin halittun teku a cikinsa, kuma daga shi kamfanin siminti na Ashaka ke fasa dutsensa. Kwal ɗin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko yana cikin hawan Gombe. Ga farin yumɓu a Alkaleri, ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari da ke tsaye a maki 31 rani da damina.

Abin da wasu jami'o'in za su iya fin mu shi ne na'urori. Wannan kuwa ana aika musu samfur. Dutse ne ba ya tashi ya je wurin ɗalibi.

Shekara nawa mastas ke ci?

A takarda, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu: zangon darussa, sai takardar shirin bincike da za ka kare a gaban malamai, sai fita daji, gwaji, rubutu, kariya ta cikin gida, sannan mai jarrabawa daga wata jami'a. A zahiri yakan ja. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Ko babu yaji, jiran sakamakon gwaji kaɗai na iya cinye zango guda. Wanda ke da iyali ko aiki ya yi lissafinsa da wannan tun farko.

Yaya zan zaɓi abin da zan yi bincike a kai?

Nan ne yawancin ɗalibai ke ɗaura wa kansu dutse a wuya. Yaro zai zo da take mai faɗin jiha guda, wai zai tantance duk ma'adinan jihar Bauchi, alhali kuɗin aljihunsa bai wuce na samfur goma sha biyar ba.

Tambayi kanka abu uku kafin ka je wurin Malam. Wace tambaya ce guda ɗaya nake son amsawa? Wace na'ura ce za ta amsa ta, kuma ina take? Samfur nawa zan iya biya?

Ga misali. An daɗe da sanin cewa ruwan wasu rijiyoyi a yankin Kaltungo yana da fulorayid fiye da kima, abin da ke dafe haƙoran yara su yi ruwan ƙasa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Sake auna rijiyoyi don ka ce “akwai fulorayid” ba sabon abu ba ne. Amma in ka tambaya ko rijiyoyin da ke kan dutsen gindi sun fi waɗanda ke kan dutsen yashi, ko burtsatse mai zurfi ya fi rijiyar hannu, ko adadin na sauka da damina, to ka kama abin da mai haƙa burtsatse zai amfana da shi gobe. Ƙaramar tambaya ce, amma tana da amsa.

Wajen mai duba aikinka kuma, kada girman suna ya ruɗe ka. Tambayi ɗalibansa na baya a asirce: yana karanta babi ya dawo da shi da jan biro, ko sai an yi ta sintiri a ƙofar ofis?

Ɗebo samfur ai ba wani abu ba ne, ko? Zuba ruwa a gora ne kawai.

Da za a ce in zaɓi tambaya ɗaya a wannan shafi, wannan ce. Na'ura ba ta san inda samfur ya fito ba. Abin da ka ba ta shi za ta auna, ko da dattin hannunka ne.

Ɗauki burtsatse. Da ka isa ba ka tara gora nan take, sai an buga famfon na wasu mintuna, ruwan da ya kwana a bututu ya fice. A bakin rijiyar za ka auna zafi, tsamin ruwan da ake kira pH, da yawan gishirin da ya narke a ciki, domin waɗannan suna canzawa kafin ka kai gari. Gorar roba sabuwa, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar. Gora biyu kake cikawa. Ta farko ka tace ruwan da matata mai ƙofa maikuron 0.45 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ka ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarafan su manne a jikin gorar ko su kwanta. Ta biyu ba asid, ita ce ta fulorayid, kulorayid da naitiret. Ka rubuta lamba a jikin gora, ka rubuta ta a littafi tare da lambobin GPS, zurfin rijiya in an sani, da abin da ke kusa, masai ne ko juji ko gonar da ake zuba taki. Sai ka saka gorunan a cikin kula mai ƙanƙara. Gorar lemo da aka tsinta a tasha ba ta shiga wannan aiki.

Dutse ma haka. Fatar da rana da ruwa suka ci ba ita ake so ba, sai ka sa guduma ka fasa har ka ga sabon ciki mai sheƙi. Mai manyan ƙwayoyi yana buƙatar babban gutsure, kilo ɗaya ko biyu, in ba haka ba ƙwaya ɗaya za ta rinjayi sakamakon. Wanda za a auna mai a cikinsa a naɗe shi da takardar alminiyum, kada maiƙo ko tawada su taɓa shi. Wajen niƙa, turmin ƙarfe yana ƙara wa samfur ƙarfe, shi ya sa ake amfani da turmin dutsen agat, a wanke shi tsakanin kowane samfur da na gaba. Garin kuma a gauraya shi sosai kafin a ɗiba, kamar yadda cokali ɗaya ba ya faɗin gaskiyar gishirin miya sai an motsa tukunya.

Lokacin fita mafi daɗi shi ne bayan kaka, an girbe amfani, ciyawa ta kwanta, duwatsu sun fito fili. Mai binciken ruwa dai sai ya je sau biyu, rani da damina.

Wannan tsantseni bai yi yawa ba?

A ƙarshen shekarun 1940 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Chicago ta Amurka, Clair Patterson, an ba shi aikin auna 'yar dalmar da ke cikin ƙwayoyin dutse. Duk awon da ya yi sai ya ga dalma ta wuce hankali. Da ya bi diddigi sai ya tarar daga ɗakin gwajin take, daga ƙura, ruwa, kwalabe da tufafinsa. Ya shafe shekaru yana tsabtace wurin aikinsa, kuma a 1956 ya fitar da shekarun duniya, biliyan 4.55, adadin da har yau bai motsa sosai ba. Neman tushen wannan datti ne ya kai shi ga gano cewa dalmar da ake zubawa a fetur ta game duniya, ya kuma yi ta yaƙi da ita. Sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan fetur.

Ina ake kai samfur, kuma wa ke biya?

Ya danganta da abin da kake nema. Na'urorin iri-iri ne: XRF tana ba da manyan sinadaran dutse. XRD tana faɗin irin ma'adinan da ke ciki, ita ce abokiyar mai binciken yumɓu. AAS tana auna ƙarafa a ruwa ɗaya bayan ɗaya. ICP-MS ce ke kamo 'yan mitsi-mitsin, kuma ita ta fi tsada. A Arewa ana zuwa ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya a Kaduna, da cibiyar binciken ƙarafa ta Jos, da cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Masu hali kan aika Kanada ko Afirka ta Kudu, a biya da dala.

Biya kuwa, galibi daga aljihun ɗalibi ne. Don haka ka kira ka ji farashin kowane samfur, ka kuma tabbatar na'urar tana aiki a wannan watan, kafin ka rubuta sunanta a takardar shirinka.

Sakamako ya dawo. Ta yaya zan san ba lambobin banza aka ba ni ba?

Tarkon tun kafin aikawa ake ɗana shi. Raba samfur ɗaya gida biyu, ka ba su lambobi daban, kada ka gaya wa kowa. Saka gorar tataccen ruwa wanda babu komai a ciki, ita ma da lambarta. In tagwayen suka dawo da sakamako mabambanta sosai, ko gorar da ba komai ta dawo da dalma, ka san akwai magana.

Akwai kuma lissafi. Manyan sinadaran dutse in an tara su, tare da abin da ya ƙone a wuta, su kusanci ɗari. A ruwa, sinadarai masu caji mai kyau da masu kishiyarsa dole su yi kusan kunnen doki, bambancin kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Nemi ɗakin gwajin ya rubuta maka mafi ƙanƙantar abin da na'urarsu ke iya gani. “Ba a gani ba” daban, “babu” daban.

Abu ɗaya da ba ya gyaruwa shi ne taɓa lamba don ta dace da abin da ake tsammani. Sakamakon da ya fita daban sau da yawa shi ne mafi daraja a kundin gaba ɗaya. A sake auna shi, in ya tsaya a bar shi a yi bayaninsa.

In na yi wannan karatu zan samu aiki a Kolmani?

Babu mai yi maka alkawari. Abin da ya tabbata shi ne Shell ya haƙa rijiyar farko a wurin a ƙarshen shekarun 1990, NNPC ya sanar da samun mai a rijiya ta biyu a Oktoban 2019, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe. Tsakanin gano mai da sayar da shi akwai tafiya mai nisa, kuma haƙar mai ba ta ɗaukar masana da yawa kamar yadda ake zato.

Ilimin dai yana da daɗi. Mai binciken mai yana tambayar dutsen laka abu uku: akwai ragowar halittu a cikinka, wane iri ne, kuma ka dahu? Dutsen da ragowar halittunsa ba ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ba ba a sa shi a lissafi. Wadda ta fito daga tsirran tudu ta fi ba da gas, ta gansakukar ruwa ta fi ba da mai. Dahuwa kuma ana gane ta da na'urar Rock-Eval, mai gasa garin dutsen a hankali. In zafin da ya fi fitar da mai ya kai wajen maki 435, an shiga matakin samar da mai. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da cibiyar binciken man fetur ta ƙasa, mai wannan sha'awa ya leƙa can.

'Yata ce ke son karatun. Ya dace da 'ya mace kuwa?

Baba, ya dace. Fita daji makonni ne ƙalilan, kuma ba a fita mutum ɗaya, mace ko namiji. Sauran aikin a ɗakin gwaji da gaban kwamfuta yake. A binciken ruwa ma mace ta fi samun sauƙi, domin rijiyoyi da yawa a cikin gidaje suke, inda namiji baƙo zai tsaya a zaure, ita kuwa ta yi sallama ta shige. Matan gida ne kuma suka san rijiyar da ke canza ɗanɗano da bazara da wadda sabulu ba ya kumfa a ruwanta. A saya mata takalmi mai ƙarfi da malafa.

Mutanen gari suna ganin guduma sai su ce zinariya muke nema. Yaya zan yi?

Kada ka taɓa dutse ko rijiya kafin ka gaida mai gari. Je da takardar sashenku, ka zauna, ka yi bayani da Hausa mai sauƙi: “Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, ruwan rijiyoyi muka zo aunawa.” Nemi a haɗa ka da ɗan gari, ka kuma sallame shi. Shi ya san hanya, shi ya san inda ba a shiga, kuma a wasu dazuzzukan yanzu maganar tsaro ba abin wasa ba ce. In an ce kada a je, a canza wuri.

In ka gama, koma ka faɗa musu abin da ka gani. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida. An sake ganin irin haka a jihar Neja a 2015. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita. Ɗalibin da ya ga abin da ya wuce haka, ya tabbatar da awonsa, to ya sanar da malaminsa da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, kada ya jira ranar kare kundi. Amma kada ya tayar wa gari hankali da awo ɗaya da bai maimaita ba.

Dole ne in buga takarda a mujalla?

In kana son koyarwa ko digiri na uku, dole ne. Guji mujallun da ke aiko saƙo suna cewa ka biya a buga cikin mako guda. Ta gaskiya takan kai aikinka wurin masana biyu ko uku, su dawo da shi da gyara mai zafi bayan watanni. Fara da gabatar da aikin a taron shekara na ƙungiyar masana ma'adinai da duwatsu ta Najeriya, NMGS, wadda ke nan tun 1961, ko na NAPE, ƙungiyar masu binciken man fetur, in harkar mai kake. Maganar jerin sunayen marubuta kuma a gama ta da Malam tun kafin a fara rubutu.

Akwai tallafi? Kuma in na gama ina zan dosa?

PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, na ba da tallafin mastas da digiri na uku a gida da waje ga fannonin da suka shafi mai. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Akwai DAAD ta Jamus da tallafin Commonwealth na Birtaniya. Farfesan waje da za ka rubuta wa ya fi son ganin tsabtataccen teburin sakamako, taswirar da ka zana da kanka a manhajar zana taswira ta QGIS, da tambaya ɗaya mai kai, fiye da doguwar wasiƙar yabo.

Aiki kuwa akwai koyarwa, Hukumar Binciken Ƙasa, ma'aikatun ruwa da na ma'adinai, hukumomin samar da ruwa a karkara, kamfanonin siminti da na haƙar ma'adinai, da masu tantance illar ayyuka ga muhalli. Da yawa suna farawa ne da binciken wurin haƙa burtsatse, wanda ba ya yankewa a Gombe saboda zurfin ruwa a hawan Kere-Kere. Kafin ka sa hannu a rahoto a matsayin ƙwararre sai ka yi rajista da COMEG, hukumar rajistar injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu da dokar 1990 ta kafa, don haka ka adana takardun SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, da na bautar ƙasa da shaidar duk aikin fili da ka yi, za a neme su.